Takardar da na yaga bayan Alhaji ya faɗi

Asalin aikina koyar da wasanni ne a lakwal, shi ya sa kowa a Damagaram "Mushe" yake ce mini, har da sa'annin mahaifina. Da na fara tara manya bayan sallar Asuba a wani fili tsakanin Birni da Zango, na zo musu da abin da na karanto a intanet da faransanci, na yoga da na tsarin abinci. Na buga takarda mai layi-layi: Litinin gudu, Laraba ɗaga nauyi, Juma'a yoga. Kowa na miƙa masa irinta, ɗan shekara ashirin da ɗan shekara sittin. A raina na gama aiki.

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Dole ne ya fara nuna mini ban san komai ba. Watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana, dare kuma ba ya hucewa. Na sa shi tsalle-tsalle, daga nan na ce ya kafa hannu da ƙafa a ƙasa, ƙugu sama, kai a sunkuye. Da ya ɗago sai ya yi tangaɗi ya zauna daɓas, ido ja wur. "Mushe, ƙasa na juya mini," in ji shi. Muka sa shi a mota sai likita. Aka auna jininsa, 18/11. Mu nan da 14/9 muke kiran iyakar, wato 140/90, daga nan an shiga hawan jini. Ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Kai da ka sa shi wannan aiki, ka tambaye shi tansiyonsa?" Ban tambaya ba. Ashe an daɗe da rubuta masa magani, ya ajiye shi wata biyu don ya ji garau, alhali wannan ciwo yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Ni kuma na haɗa masa abu biyu da ba a so ga mai irin wannan jini: yunƙuri da numfashi a riƙe, wanda ke ƙara tura jinin sama, da kuma kifa kai ƙasa. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Da ya warware na sayi na'urar awon jini, na kuma bi shi shago, don kunya ta hana ni sake kiransa fili. Wuni ɗaya na yi a kan bencinsa, na ga abin da takardata ba ta da gurbinsa. Tun hantsi butar shayi ba ta sauka daga gawayi ba. Na farko, na biyu, na uku, baƙo ya zo a sake zubi, yaron shago yana kwarara sukari ba awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Alhaji ya wuce wannan kafin Azahar. Gishiri kuma an ce ƙasa da giram 5, bai cika ƙaramin cokali ba, ga shi ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga kilishin la'asar. Ban ce ya bar shayi ba. Wanda ya ce wa ɗan Damagaram ya bar shayi ya ce masa ya bar mutane ne. Mun yi ciniki kamar na atamfa: na farko ya sha yadda ya saba, na biyu rabin sukari, na uku ya bar wa yara. Ya koma kan maganinsa, ya dinga takowa daga gida zuwa shago da sanyin safiya maimakon hawa kabu-kabu. A hankali awon ya sauko.

Sai aka rufe iyakar Nijeriya a watan Agusta na 2023. Kayansa suka maƙale a hanyar Kano, masu bashi suna kira. Magani yana sha, tafiya yana yi, sukari ya rage, amma na'ura ta sake hawa. Na ce, "Alhaji, ƙarfe nawa kake barci?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wane barci? Lissafi nake har kiran sallar farko."

A nan ne abin da na ɗauko daga yoga ya yi mini rana, kuma ba lanƙwashe-lanƙwashen ba ne, numfashin ne. Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ya sassauta zuwa kamar sau 6, ya ja iska yana ƙirga huɗu, ya sake ta yana ƙirga shida, bugun zuciya yana lafawa, domin fitar da iska a hankali tana taɓa jijiyar da ke sa jiki ya natsu. Na ce ya yi minti goma kafin ya kwanta, salula a wani ɗaki. Bai biya masa bashi ba, bai kuma maye gurbin ƙwayar likita ba, amma ya fara samun barcin awa biyar, shida.

Sunan yoga kansa ya jawo mini magana. Wani malami da ke zuwa filin ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, wannan abin naka ba bautar Indiyawa ba ce?" Tambayar tana kan hanya. Daga Indiya ya fito, saiwarsa tana cikin addinin Hindu, akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwar rana, akwai kalmomin da ake rerawa. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin sa saboda irin waɗannan abubuwa, ko da yake Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Yuni tun 2014. Ni dai na cire rerawar da gaisuwar rana, na bar miƙe jijiya da numfashi, kuma ba na ɓoye wa kowa inda na samo su. Abin da ba na so shi ne masu cewa "ai sallah ma yoga ce" don su jawo mutane. Sallah ibada ce, ba na saka ta cikin tallar sana'ata.

Darasi na biyu a tsakar gida na same shi, inda maiɗakina ke tara mata da yamma. Ta gayyace ni in yi musu bayani, na tsaya daga zaure ina zuba: babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wata dattijuwa daga Garin Malam ta bari na gama, sannan ta ce, "Ɗana, ka taɓa ɗauko jarka mai lita 25 daga famfo zuwa gida?" Matan suka fashe da dariya. Kowa ya san wahalar ruwan Zinder, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce. Inna tana ɗaukar wannan nauyi sau uku, sau huɗu, ta yi daka, ta yi wanki a sunkuye, ni kuma na zo ina ce mata ta motsa jiki. Ita bayanta ne ke ciwo. Abin da ya amfane ta shi ne ta durƙusa da gwiwa in za ta ɗaga jarka maimakon ta lanƙwasa ƙugu, ta kwanta rigingine a tabarma ta jawo gwiwa zuwa ƙirji, ta huta. Maiɗakina ta ce rabin matan ma hirar ce ke kawo su, su amayar da abin da ke cin ransu. Da na ɗauka ɓata lokaci ne. Ashe tun 1948 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa lafiyar jiki da ta hankali da ta zaman jama'a wuri guda.

Samarin fada masu ɗaga siminti a gwangwani, su tasu daban ce. Ƙarfi akwai, barci babu, wasu kuma da tiramol suke tashi. Da su har yanzu ina lalube.

Takardar nan mai layi-layi na yaga ta. Wadda ke aljihuna yanzu tambayoyi ne: wane magani kake sha, ƙarfe nawa kake kwanciya, me ka ci jiya, wa ke ɗebo ruwa a gidanku, me ke damunka. Sai na ji amsa, na auna jini, kafin in ce mutum ya ɗaga ko da hannu.

Jiya na bi ta Kasuwar Dole. Alhaji ya miƙo mini kofi, na kurɓa na yamutsa fuska. "Na biyu ne," in ji shi. "Kai ka ja mana. Shanye."