Yadda Muke Tantance Lafiyar Difarenshal Na Gaba A Motocin Gudu Masu Ja Da Ƙafa Huɗu

Motar gudu mai ja da tayoyi huɗu tana iya rasa ƙarfin gabanta ɗungurungum ba tare da mai ita ya sani ba. Dalili kuwa shi ne yawancin irin waɗannan motoci da tayoyin baya suke tura kansu, gaba taimako kawai yake kawowa idan hanya ta yi santsi ko an taka totur a kwana. Porsche 911 Carrera 4 samfurin 996, wadda ta fito a 1998, kashi 5 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin injin take aikawa gaba, ita kuwa Nissan GT-R ta 2007 tana iya tafiya da tayoyin baya kusan zalla, sai buƙata ta taso ta raba ƙarfin biyu daidai. Saboda haka a garejinmu ba mu karɓar shaidar cewa mota tana tafiya lafiya a matsayin hujjar difarenshal na gaba, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba biyu, yana aiki.

Kafin mu taɓa sifana, sai mun san irin na'urar da ke haɗa gaba da baya, domin a nan ne masu kwaikwayon sana'a suke faɗuwa. A samfurin 996 akwai wani gwangwani a gidan difarenshal na gaba, cike da faifan ƙarfe da ruwan silikon mai kauri, wanda yake riƙewa idan tayoyin baya suka fi na gaba saurin juyawa. Daga 2008 kamfanin ya sauya shi a Carrera 4 da kuloci mai faifai da yawa wanda kwamfuta ke sarrafawa. Gwajin da ya dace da na farko zai yaudare ka a na biyu, tunda kulocin a sake yake idan inji a kashe yake, taya ta juya salin-alin alhali babu abin da ya lalace. An sha kawo mana mota bayan wani ya yanke mata hukuncin sauya difarenshal a kan wannan kuskuren fahimta kaɗai.

Ga mai ruwan silikon, muna ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, sauran ukun suna ƙasa an tokare su, sannan mu ɗora sifana mai auna ƙarfi a kan notin tsakiyar taya mu ja a hankali. Lafiyayyar na'ura tana yarda ta juya, amma da nauyi mai santsi, kamar ana motsa cokali a cikin zuma, kuma da zarar ka ƙara sauri nauyin ya ƙaru a tafin hannunka. Idan tayar ta wulwula ba turjiya, ruwan ya zube ko ya mutu. Idan ta kafe ƙam, faifan sun kama juna. Maigidana da ya koya mini aikin ba ya barin yaro ya dubi ma'aunin sifanar sai ya fara faɗin abin da hannunsa ya ji. Yakan tsaya a bayana ya ce, “Kai yaro, ba ƙarfi aka ce ka gwada ba, saurara da hannunka.” Haka nake yi wa yaran da ke ƙarƙashina har yau.

Bayan nan sai mu ɗaga motar gaba ɗaya mu juya tayar gaba guda: a buɗaɗɗen difarenshal, wato marar makulli, ɗaya tayar ta gaban da baya take juyawa, kuma ya kamata a ji haƙoran giya suna tafiya sumul, babu tsalle babu ƙara. A lokacin ne kuma muke leƙa farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa gaba, domin akwai masu cire ta su mayar da motar mai ja da baya, su sayar ba su faɗa ba.

Man difarenshal shi ne babban mai ba da shaida. Muna kwance notin ƙasa mu tari man a farin faranti, mu dubi maganaɗisun da ke jikin notin. Laushin toka-toka kaɗan ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da ke sukar yatsa alama ce boris ko haƙori ya fara ci. Man giya mai lamba 75W-90 ake yawan zubawa, sai dai muna bin abin da kamfanin motar ya ƙayyade, kuma mun daina sayen mai daga dillalan da ba su iya nuna asalin kayansu, domin jabun mai a gora mai kyau ya kashe difarenshal fiye da gudu. Abin takaici, mai motar da ya zuba dukiya wajen sayenta shi ne zai tsaya yana ciniki a kan man da zai tsare ta.

Masu kuloci na kwamfuta kuwa sai an haɗa na'urar bincike a karanta saurin kowace taya da umarnin da ake ba kulocin yayin da mota take tafiya. A kan hanya muna murɗe sitiyari har ƙarshe mu zagaya a hankali. Idan motar tana turjewa tana tsalle, akwai abin da ya kama. Kukan da ke sauyawa da taka totur na difarenshal ne, wanda ke sauyawa da karkata sitiyari yawanci na boris ɗin taya ne, ƙas-ƙas a kwana kuma na gaɓar shaf ɗin da ke juya taya ne.

Ba mu sallamar mota sai mun zagaya kowace taya da awo, saboda sabbin tayoyi a gaba da suɗaɗɗu a baya suna sa na'urar haɗin ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Idan awon ya saɓa wa ƙa'idar kamfani, muna rubuta wa mai motar a takardar aiki cewa garantinmu bai hau kan gyaran ba sai ya daidaita tayoyinsa.