Na ƙirga iri, ban ƙirga ruwa ba

Shekarar 2016 ce ta jefa ni harkar lambu. Duk mai yin cefane a lokacin ba zai manta ba: tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta afka wa gonakin tumatir na Kadawa da Kura da sauran wurare ta yi musu kaca-kaca, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ranar da na dawo daga 'Yankaba da ƙwaya biyar a leda, uwargida ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Malam, waɗannan na miya ne ko na ado?" Nan take na ƙudurta cewa kangon bayan ɗakinmu, inda muke jibge ragowar bulo da mataccen keke, zai koma lambu.

Ƙudurin ya yi ta kwana yana tashi, ban ɗauki fartanya ba sai a watan Fabrairu. Kuma da na tashi, sai na tashi da zafina. Na sayo irin tumatir, da tattasai, da attaruhu, da latas, da karas, na kafce filin kaf, na yi komi takwas, na samo buhun kashin kaji ɗanye shar daga gidan kiwon wani maƙwabci na zazzage. Malamin makaranta ne ni, na saba tsara darasi a takarda, don haka har taswira na zana, kowane komi da abin da zai ɗauka. Abu ɗaya ne bai shiga taswirar ba, shi ne ruwa.

Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake kawowa. Rijiyar gidan kuwa tana shiga Maris ta fara ja da baya, guga ya koma fitowa rabi da laka. Komi takwas a zafin Kano suna shan jarka takwas zuwa goma kullum, safe da yamma, ba ranar hutu, ba ruwansu da ko an biya albashi. Sai ga ni ina tare mai kura a ƙofar gida ina ciniki. Wata rana na zauna na haɗa kuɗin da na ba 'yan garuwa a mako uku, na ga sun isa in sayi kwandon tumatir har da na dako. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban nuna wa kowa ba.

Kafin nan ma kashin kajin ya riga ya yi nasa aikin. Dashen farko ya yi kwana huɗu ya ƙone ƙurmus, gefen ganye ya yi kamar an kara shi a wuta. Abin da ya tsira, ƙadangaru suka yi karin kumallo da shi. Latas ya yi tsiri ya yi ɗaci, karas ko leƙowa bai yi ba. Tumatir kaɗai ya daure ya girma, ya yi ganye luf-luf har maƙwabta na yabawa, ya yi fure rawaya gwanin sha'awa a watan Afrilu. Sai furen ya riƙa kaɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwaya ɗaya ban tsinka ba.

Akwai wani dattijo da ke kawo alayyahu unguwarmu a keke, lambunsa na fadama. Na jawo shi har bayan ɗaki don ya faɗa mini maganin da zan fesa. Ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasa, ya murza fure ɗaya a tafin hannunsa, sannan ya ɗago.

"Ɗana, yaushe ka dasa?"

Na ce, "Farkon Maris, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ba ciwo ke damunsa ba, zafi ne. Tumatir ɗan hunturu ne. Lokacin da kake dasawa, mu muna tsinkar ƙarshe."

Daga baya na karanta dalilin: idan zafin rana ya haura digiri 35, kuma dare bai yi sanyi ba, garin furen tumatir yakan lalace, sai furen ya faɗi bai ƙulla ba. Afrilun Kano kuwa 40 ba baƙon abu ba ne. Wato duk jarkokin da na saya, ganye na yi ta shayarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayarsa ta biyu. Bai tambaye ni girman filin ba. Cewa ya yi, bokiti nawa zan iya ɗauka da hannuna a ranar da na dawo aiki a gajiye, ba tare da na sayi ko ɗigo ba? Na ce huɗu. Ya ce to lambuna komi biyu ne, sauran shidan kwaɗayi ne. Na ji haushin maganar, don ta yi kama da wadda nake faɗa wa ɗalibai idan suka ɗebo littattafai bakwai daren jarrabawa.

Da damina ta sauka a watan Yuni na sake lale, wannan karon da abin da ya ce: alayyahu da kuɓewa, sai yakuwa a jikin katanga. Takin ya riga ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari, ƙasa ta yi laushi. Irin alayyahu ƙanana ne kamar ƙwayar yashi, sai ya koya mini in cuɗa shi da rairayi kafin in watsa don kada ya tsiro a cunkushe. Na rufa masa tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru. Mako huɗu muka fara yanka. Ban taɓa sanin miyar alayyahu na da ƙamshi haka ba, ko da yake wataƙila wahalar da na sha ce ta ƙara mata gishiri.

Kuɓewa ita ma ta ba ni nata darasin. Na jiƙa irin ya kwana, na binne, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya. Ashe ba ta jiran kowa, duk bayan kwana biyu ko uku sai an tsinka. Na yi tafiyar kwana shida zuwa biki, na dawo na tarar da su zaƙo-zaƙo, sun yi tauri kamar ƙaho, wuƙa ma da ƙyar take shiga. Na bar su suka bushe a jikin uwar, suka zama irin baɗi.

A hankali gidan ya koyi tattalin ruwa. Muka ajiye baho a wurin alwala, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ya daina bin kwata, na omo da sabulu ne kawai ba ya zuwa lambu. Na daina watsa ruwa a kan ganye da tsakar rana, na koma zubawa a gindi, bayan na tura yatsa na ji ko ƙasar na buƙata. Darɓa ta taso wa kuɓewar sau ɗaya, na daka ganyen darbejiya na jiƙa ya kwana, na tace na yayyafa, aka samu sauƙi. Busasshiyar ciyawar da na shimfiɗa don riƙe laima ta jawo gara, har yau muna 'yar tsama da ita.

Tumatir dai ban haƙura ba. Na yi renonsa a tsohon kwano a watan Oktoba, ya yi mako huɗu, na dasa gindi 12 kacal da la'asar sakaliya a Nuwamba. Hunturu ya busa, fure ya ƙulla. Ƙarshen Janairu na shigo tsakar gida da faranti cike da jajayen tumatir, ina tafe ina jiran yabo. Uwargida ta karɓa, ta juya ɗaya a hannu, ta ce sun yi kyau, amma ai jiya ta aiki yaro kasuwa, an cika masa roba a kuɗin da bai kai na jarkar ruwa biyu ba, don na Kadawa ya shigo. Ta ɗauko wuƙa ta yayyanka nawa, ta shanya a kan kwanon ɗaki, ta ce kauɗa za ta yi, sai bazara za mu ci.