Jakunkuna uku da aka dawo mini da su

Yau wata hajiya ta dawo mini da jakunkuna uku, maɓallan ƙarfensu duk sun fita. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don laifina ne. Fatar akuya ce marar kauri, ni kuma na sa maɓalli mai doguwar ƙafa. Da na buga guduma, sai ƙafar ta lanƙwashe gefe maimakon ta baje ta riƙe. Ramin ma ya yi faɗi.

Na leƙa kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano na sayo abin huji daidai kaurin ƙafar. Yanzu sai na liƙa guntun fata ta ciki kafin in huda. Injin matsa maɓalli kuwa, sai na tara kuɗinsa.

Gobe Hajiya za ta karɓi kayanta, ko kwabo ba za ta biya ba.