Sana'ata da Karnukan Mutane a Kano

Ina dawowa daga sallar asuba, abin da nake fara yi shi ne hura wuta a gindin babbar tukunya. Masara buhu-buhu nake sarowa a Dawanau idan kaka ta yi, in kai inji a ɓarza mini ita ta zama tsaki. Kafin tsakin ya nuna, yarona ya dawo daga abatuwa ta Fagge da huhu da tumbi da 'yar hanta. A yanka kabewa da karas a zuba, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai saboda ƙashi, a kawo ɗan mai kaɗan. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba yaji. Idan ya huce sai a auna a robobi, na karnukan da ke wajena daban, na gidajen da muke kai wa a babur daban. Wannan tukunya ita ce rabin sana'ata. Ɗaya rabin kuwa horar da karnuka ne da sauraron koken masu su, kuma shi ya fi cin rai.

Wajen aikina a Hotoro yake, fili ne mai katanga da ɗakunan karnuka a jere da bishiyoyin darbejiya biyu, ni da yara uku. A hannun kawuna na fara sanin kare. Mafarauci ne, kuma tun ina ɗan yaro nake ganin yadda zai yi fito sau ɗaya karnukansa su baro abin da suke yi su zo su tsaya a gabansa, alhali ban taɓa ganin ya ɗaga musu sanda ba. Daga baya na zauna da wani dattijo da ya yi ritaya daga sashen karnuka na 'yan sanda, shi ya koya mini aikin manyan karnukan gadi irin su Alseshan da Rotwaila.

Har gobe akwai masu yi mini kallon wanda ya rasa sana'a. Ba na jin haushinsu. Malamanmu sun yi bayani cewa ajiye kare don gadi ko farauta ko tsaron dabbobi da gona ya halatta, kuma an san hukuncin wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Kayan aikina daban, kayan sallata daban, kwanukan karnuka ba sa haɗuwa da na gida. Abin da yake damuna shi ne mutumin da ya karɓi halaccin ajiyewa ya manta da haƙƙin abin da ya ajiye. Rai ne, yana jin yunwa da ƙishirwa da zafi da tsoro, kuma wanda ya ɗaure shi a gidansa shi za a tambaya.

Kusan duk wanda ya kira ni, da magana ɗaya yake farawa: karen nan ya ishe mu. Ko ya hana unguwa barci da haushi, ko ya ciji ɗan gida, ko ya ƙi cin abinci, ko kuma ɓarawo ya shigo yana kwance yana kallo. Ni kuma tambayata ɗaya ce kafin komai: a gidan, wa ke da karen? Ba wanda ya biya kuɗinsa nake nufi ba. Wa ke ba shi abinci, wa ke kwance shi, muryar wa ya sani? Sau da yawa sai a yi shiru a waya.

Wani Alhaji a Nasarawa ya sa aka zo da ni kan wani Bowabul, irin karnukan nan na Afirka ta Kudu masu kai kamar turmi. Ƙorafin shi ne haushi daga isha har asuba, kuma kwana biyu kafin nan ya kai wa maigadi cafka a hannu. Na ce a nuna mini inda yake kwana. Aka zagaya da ni bayan gida, kusa da janareta. Keji ne na ƙarfe da rufin kwano, rana ta dake shi tun hantsi, sarƙar ba ta kai taku uku ba. Kwanon ruwan ya kife ya bushe. A gefe ga ƙanzon shinkafa da miyar jiya, ƙuda ya rufe. Wuyansa duk gashin ya cinye saboda gogar sarƙa, kunnuwansa kuwa kaska ta yi musu jere kamar an zuba wake. Baba maigadi, dattijo mai furfura, da doguwar sanda yake tura masa kwano daga nesa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon a fita da shi?"

Alhaji ya ce, "Fita kuma, Malam? Ai wanda ya sayar mini cewa ya yi kada ya riƙa ganin mutane, in ya saba da su ba zai yi gadi ba."

Na juya wajen dattijon na ce, "Baba, kai fa, ka taɓa kiran sunansa?"

Ya ce, "Ɗana, ni ban ma san yana da suna ba. Ni dai tsoronsa nake ji, shi ma na ga alamar ba ya ƙaunata."

Wannan magana ta a kulle kare don ya yi zafi ta ɓata karnuka da yawa a garin nan. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci, wasu su hana shi ci kwana guda, wai don zuciyarsa ta yi ƙarfi. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne kare matsoraci, kuma matsoracin kare shi ne mai cizo, domin bai san bambancin ɗan gida da baƙo ba, kowa abin tsoro ne a wajensa. Mai gadi na ƙwarai sai ya san mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya san ƙarar motar maigida, ya san almajirin da ke zuwa ɗaukar shara da mai kawo ruwa, sannan ne zai gane wanda ya hauro katanga da tsakar dare ba nasu ba ne. Wannan sabo kuwa tun yana ɗan kwikwiyo ake fara shi, daga mako uku zuwa wajen wata uku na haihuwa, lokacin da duk abin da ya gani yake ɗauka a matsayin abin duniya na yau da kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba ma yana gyaruwa, sai dai aikin ya ninka.

Karen Alhaji ban ɗauke shi zuwa wajena ba. Na ce a mayar da kejin ƙarƙashin mangwaro, nesa da janareta, a sa ruwa a bokitin da ba zai kife ba, a kira likitan dabbobi saboda kaska da ciwon wuya. Sannan na roƙi alfarma ɗaya: a bar mini Baba maigadi na rabin awa kullum da yamma. Ranar farko tsayawa kawai ya yi a nesa yana jefa masa busasshen huhu yana kiran sunansa. Da kyar hannunsa ya daina rawa. A mako na biyu ya ajiye sandar. A na uku shi ya riƙe igiya muka zagaya layin bayan la'asar, karen yana shinshina kowane gindin bishiya kamar wanda aka sako daga kurkuku. Haushin dare ya ragu da kansa, saboda karen da ya yi tafiya ya gaji kwanciya yake yi, ba ya tashi sai da dalili.

Horon kansa ba wani asiri ba ne. Minti goma da safe, minti goma da yamma, ya fi awa biyu a rana ɗaya. Kalmomi biyar nake fara koyarwa: zo, zauna, kwanta, tsaya, bari. Mutane suna mamaki idan suka ji ina yi da Hausa, wai sun ɗauka karen Turawa sai Turanci. Kare sauti yake riƙewa da abin da ya biyo bayan sautin. Abin da ke rikita shi shi ne Alhaji ya faɗa da Turanci, Hajiya ta ce "kai, tafi can", yara su yi ihu, maigadi ya ɗaga sanda, duk a kan abu ɗaya. Gida ya tsayar da kalma ɗaya kowa ya riƙe ta. Lada kuma nan take ake ba da shi, gindinsa na taɓa ƙasa tsokar na shiga bakinsa. In ka jinkirta ko da na ɗan lokaci ne, bai san me aka biya shi ba. Haka ma duka. Ka dawo daga kasuwa ka tarar ya yayyaga takalmi tun da safe, ka hau shi da bulala. Abin da ya koya shi ne dawowarka masifa ce. Ranar da ka kira shi ya noƙe, kai ka koya masa.

Maganar takalma tana yawan zuwa, don mu mutane ne masu tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki. Ɗan kwikwiyo daga wata huɗu zuwa shida yana famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi, dole ya tauna wani abu. A ɗauke takalman, a ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla. Kashi a tsakar gida ma haka: da ya tashi daga barci, da kuma bayan ya ci abinci, a kai shi wuri ɗaya a jira, in ya yi a yaba masa.

Abinci kuwa nan ne Hajiyoyi suka fi kirana. Ragowar gida ba laifi ba ce gaba ɗaya, tuwo ko farar shinkafa ba sa cutar da shi. Miyarmu ce matsalar. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare sannu a hankali, ko ɗanye ko dafaffe, kuma wace miya ce tamu ba albasa? Ƙashin kaza da aka dafa ko aka soya yana tsagewa ya zama tsinke, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Cakulan da inabi da zabibi duk guba ne a wajensa. Sannan tuwo zalla ba ya riƙe babban kare, sai ka ga ciki ya yi tulu, gashi na zuba, haƙarƙari a waje. Ɗan kwikwiyo sau huɗu yake ci a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Manyan nan masu faɗin ƙirji ba na yarda a tara musu abinci sau ɗaya su cika ciki sannan a sake su su yi ta guje-guje, don tumbinsu yana iya murɗewa, kuma in ba a yi aiki da gaggawa ba sai mutuwa. Abincin buhu na kanti yana da kyau ga mai hali, amma tsadarsa ta sa da yawa suka dawo wa tukunyata. Duk wanda zai sauya, nakan ce ya riƙa gaurayawa kaɗan-kaɗan har mako guda, in ba haka ba zawo zai biyo baya.

Akwai wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani matashi ya sayo Kokeshiyan, karen duwatsu masu ƙanƙara, gashi kamar bargo, ya kawo shi Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Na gaya masa ya nema masa inuwa mai iska da ƙasa mai sanyi, kada a fita da shi sai da sassafe ko bayan magariba. Ranar da aka kira ni, an bar shi a keji da rana an tafi ɗaurin aure. Na tarar harshe a waje, yawu na dalala, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Muka yi ta kwara masa ruwa muka sa shi a mota, bai kai asibiti ba. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata kafin ya saya, nakan fara ambata masa karenmu na gida, irin na mafarauta. Ya san zafin nan, cinsa kaɗan ne, kunnensa kuwa ba ya barci.

Ni ba likita ba ne, kuma ina faɗa wa kowa haka. In aka ce ɗan kwikwiyo yana amai da zawo mai jini da wari, ba na cewa a kawo shi wajena, don cutar fabo, wata muguwar cutar hanji ta karnuka, ita ake zargi, tana yaɗuwa kuma tana daɗewa a ƙasa; asibitin dabbobi nake turawa a ranar. Allurar riga-kafinta tun yana mako shida zuwa takwas da haihuwa ake farawa. Ba na kuma yarda a ba kare farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane. Karen da ba shi da katin allurar haukan kare ba ya shiga filina, ko na waye. Ana yin ta ne daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta a ƙasar nan. Duk ranar 28 ga Satumba ake tunatar da duniya wannan cuta, ni kuwa kullum a bakina take, don in alamunta suka bayyana a jikin mutum magana ta ƙare. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a fara allura. Kada a tsaya ɗaure ciwon ko shafa wani abu ana jiran a ga abin da hali zai yi.

Ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe biyar, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar fili. Baba maigadi ne, Alhaji ya sa direba ya kawo su karɓar abincin mako. Ya sauko da igiya a hannu, karen na biye da shi. Wani mai kura ya wuce da jarkokinsa suna ƙara, karen ya miƙe wuya ya fara gurnani. Dattijon bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Bari. Zauna." Ya zauna. Baba ya laluba aljihun rigarsa ya ciro ɗan busasshen huhu ya miƙa masa, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, a ƙara mana roba ɗaya, yanzu cinsa ya ƙaru."