Baƙin man da ya tsayar da ni a Hawan Kibo

Galan ɗin yana nan a kusurwar gareji, da sauran mai kusan rabi a ciki. Uwargida ta ce in zuba wa janareto ko in bayar, na ce a bar shi inda yake. Duk safiya in na zo tayar da mashin sai mun haɗa ido da shi, kuma har yau raina bai daina sosuwa ba.

Mashin ɗin Kawasaki Vulcan S ne, ɗan Beljiyam. Na saye shi ne bayan na gaji da durƙuso a kan mashin ɗin tsere, wanda in ka yi awa biyu a kai sai ka sauko kamar wanda ya yini yana kaftu. Ni ba dogo ba ne, shi kuwa Vulcan tsayin kujerarsa milimita 705 ne kacal, in na tsaya a danja tafin ƙafafuna biyu duk suna ƙasa. Abin da ya ja ni shi ne injin: 649cc mai silinda biyu, wanda asalinsa na Ninja 650 ne, wani mashin ɗin gudu na Kawasaki, aka ɗora shi a jikin mashin ɗin da ake zama a kishingiɗe, ƙafafu a miƙe gaba. Zama irin na dattijo, amma in ka murɗa totur sai ka ji ƙuruciyar da ke ciki. Tun 2015 da aka fito da shi nake kallonsa a intanet, sai da shekaru suka ja kafin aljihu ya yarda.

A cikin abokan hawanmu na Abuja ra'ayi ya rabu a kansa tun ranar farko. Akwai wani dattijo mai Harley Fat Boy, muna ce masa Baba, ya zagaya mashin ɗin sau biyu ya ce, "Yaro, wannan ai Ninja ce ta sa babbar riga." A wurinsa in injin ba mai siffar V ba ne irin na Harley, in bai girgiza ƙirjinka a tsaye ba, to bai shiga sahu ba. Mai Ducati Diavel kuma ta ɗaya gefen ya ɓullo, wai injina mai ƙarfin doki sittin da 'yan kai me zai yi masa, shi da nasa ya haura 160, ga tayar baya mai faɗin milimita 240. Na bar su da bakinsu. Na san nawa yake kashewa in tayar nan ta cinye, na kuma ga yadda Baba yake gumi in zai juya nasa a lungu.

Wata huɗu ina hawa lafiya lau. Sai lokacin juye ya zo, ga shi muna shirin zuwa Jos cikin hunturu. A nan ƙauna ta rufe min ido. Na ce wannan mashin ba zai sha man da 'yan acaɓa suke zubawa ba. Na shiga shago na ɗauko mai mafi tsada a kan kanta, irin wanda nake zuba wa motata, sintetik mara kauri mai lamba 5W-30, galan mai lita 4. Na kai wa yaron da ke min ƙananan gyare-gyare, ya kwance, ya canza filta, ya zuba kusan lita 2. Har yana yaba min: "Oga, wannan mai ai ko jirgi ya sha." Ni kuwa ina ta washe baki. Littafin mashin ɗin yana cikin wayata tun ranar da na saya, ban buɗe shafin mai ba ko sau ɗaya.

Mun tashi bayan asuba mu shida. Bayan mun wuce Keffi na zo wuce wata tirela a giya ta shida, na murɗa, sai na ga allurar injin ta yi sama, ƙara ta ƙaru, amma gudun bai ƙaru yadda ya saba ba. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ne, sannan ya kama. Wannan wurin nake komawa kullum in na kwanta. Na ji shi sarai. Hannuna ya ji, kunnena ya ji. Na ce wa kaina ƙila iska ce, ƙila taya ce ta taka yashi. A Akwanga mun tsaya shan mai da shayi, Baba yana zaune kusa da ni a kan benci, ban ce masa uffan ba, don kada a ce Ninja mai babbar riga ta fara kuka tun ba a je ko'ina ba. Na ɗan taɓa wayar kuloci a ɓoye, na sassauta ta, na ce shi ke nan.

Daga Akwanga zuwa Forest abin ya riƙa dawowa, da farko a giya ta shida, sannan ta biyar. Maimakon in lallaɓa, sai na riƙa ƙara wuta don kada a bar ni a baya. Duk wanda ya san hanyar ya san abin da ke jira bayan Forest. Hawan Kibo ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, tireloli ma da jan gindi suke hawansa, wasu a nan suke kwana. Ina tsakiyar hawan, tirela a gabana tana tafiyar kura, na sauko giya ta uku na murɗa, injin ya yi ihu, mashin kuwa kamar an riƙe shi ta baya. Sai wari ya taso, warin abu mai ƙonewa. Da ƙyar na ja shi gefe. Tsayar da abu mai nauyin fiye da kilo 220 a kan gangare, ga wata tirelar tana huci a bayanka, ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne. A ranar na gode wa Allah da gajeriyar kujerar nan.

Baba ne ya fara juyowa. Ya sauka, ya sunkuya ya shinshina, bai ko taɓa komai ba ya ce, "Wane mai ka zuba?" Na faɗa masa da ɗan alfahari, har da kuɗinsa. Ya cire hular kwano ya dube ni ya ce, "Man mota? Kai yaro, ka yi gyaran gangar Auzinawa."

A bakin titin nan, cikin sanyin Filato, ya yi min karatun da ya kamata in yi wa kaina. A mota kuloci a bushe yake, ba ruwansa da man injin. A irin wannan mashin kuwa injin da giya da kuloci duk a mai ɗaya suke wanka. Man motocin zamani, musamman marasa kauri ɗin nan, ana zuba musu sinadaran rage gogayya don mota ta rage shan fetur. Abin da ke amfanar mota shi ke kashe kulocin mashin, domin farantansa da gogayya suke aiki, in suka yi santsi sai su riƙa zamewa a kan juna, zamewa ta kawo zafi, zafi ya ƙone su. Shi ya sa Japanawa suka fito da ma'aunin JASO tun 1998: in ka ga MA ko MA2 a bayan galan, na mashin mai jiƙaƙƙen kuloci ne, MB kuma na sikuta ne. Da na dawo gida na juya galan ɗina, babu JASO ko ɗaya, sai wani zagayayyen tambari mai cewa yana tsimin mai. Na buɗe littafin kuma, ga shi ɓaro-ɓaro: 10W-40, JASO MA. Baba bai bar ni haka ba, sai da ya ƙara da cewa nasa Harley ɗin wuri uku ake zuba masa mai, na injin daban, na giya daban, na ɓangaren kuloci daban. Ya jira wannan damar wata huɗu.

A akori-kura mashin ya ƙarasa, samari biyar suka taya mu ɗora shi, ni kuma a gaba kusa da direba da jaket ɗina na fata, kamar wanda aka kamo. Sauran suka wuce Riyom suka shiga Jos, ni na juyo.

Bakaniken manyan mashina da ya buɗe shi ya jera min farantan a kan kwali. Masu ɓawon gogayya sun yi baƙi sun yi ƙyalli kamar gilashi, na ƙarfen sun yi shuɗi, biyu sun lanƙwashe. Ya ce, "Alhaji, yaushe ka fara ji?" Na ce Keffi. Ya girgiza kai ya ce da a nan na tsaya aka zubar da man aka sa na ƙwarai, da wataƙila farantan sun tsira, ko a ce masu ɓawon kaɗai za a canza. Gaskiya mashin ɗin na hannu ne, kulocin ba sabo ba ne, na yi ta ƙoƙarin jingina laifin a kan wanda ya hau shi kafin ni. Amma wata huɗu bai zame ba sai da na yi masa gata. Kayan kuwa babu su a kasuwa irin yadda za ka sami na Boxer ko Jincheng a kowace kwana. Daga waje aka yi oda, da dala, a lokacin da naira ta riga ta sha ƙasa bayan 2023. Faranti, sifirin, gasket, kuɗin jirgi, kuɗin aiki, kuɗin akori-kura, duka sun kusa sayen ƙaramin mashin na hannu. Sati uku ina jira.

Wani ɗan acaɓa a unguwarmu da ya ji labari ya ce shi shekara nawa yana zuba wa Boxer duk man da ya samu, bai taɓa ganin haka ba. Ban yi masa musu ba. Man da suke saya mai kauri ne, 20W-50 irin na da, ba a cika cusa masa waɗannan sinadaran ba, kuma ƙarfin da injinsa ke turawa ta kuloci bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nawa ba. Abin haushin ke nan. Da man 'yan acaɓan da na raina na zuba, da ƙila na ci gasasshen nama a Jos tare da kowa.

Masu tambayata ko su sayi irin wannan mashin, ina ce musu su saya, amma ina faɗa musu abin da ke ciki. Cikinsa kusa yake da ƙasa, milimita 130, salansar kuma a ƙarƙashi take, don haka tudun rage gudun da ake ginawa a garuruwan kan hanya sai ka hau shi a karkace kana addu'a. Zaman ƙafa a gaba yana da daɗi a titi mai kyau, amma in ka faɗa rami ba ka iya miƙewa a kan matakai, duk dukan a ƙugunka yake sauka. Babu gilashin gaba, iska tana dukan ƙirjinka, in ka daɗe kana gudu wuyanka zai gaya maka. Tankin lita 14 ne, ya fi ƙarfin yawon gari, amma a doguwar hanya ka san gidan man da za ka tsaya, domin injin mai feshin mai ba ya son fetur ɗin bumburutu. Wurin zaman baya kuwa, uwargida ta hau sau ɗaya ta ce ta yafe. A kwana-kwana dai yana kwanciya fiye da yadda siffarsa ta nuna, sai matakin ƙafa ya karci kwalta ya tuna maka iyakarka. Duk wannan na sani kafin in saya, kuma ban yi nadama ba.

Wanda ban sani ba shi ne na bayan galan, kuma shi nake fara faɗa. Yanzu in na shiga shago ba na kallon gaba, juya galan nake yi kamar mai duba ranar lalacewar magani. Yaron shagon ya gane ni, yana ganina yake cewa, "Alhaji mai JASO ya iso." In kuma wani a cikinmu ya ce ya ji mashin ɗinsa ya yi wani abu, ni ne mai tsayar da tafiya, ko ana gunaguni.

Mun sake komawa Jos bayan sallah ƙarama. Na hau Hawan Kibo a giya ta huɗu, kunnena a kan injin tun daga ƙasa har sama, allura da gudu suna tafiya tare. Na ga daidai dutsen da na jingina a wancan karon. A saman hawan Baba ya matso kusa da ni, ya ɗaga gilashin hularsa ya yi ihu, "Yaro, yau man wa ka sata?"