Waken da na bari aka dafa

Har yanzu idan na tuna da kwanon waken nan sai raina ya sosu, domin damina guda na ɓata wa ɗalibaina da hannuna.

Ina koyar da kimiyyar halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Maradi, kuma na gaji da zana gwajin Gregor Mendel, masanin da ya gano yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye, a allo, shi ya sa bara muka shuka farin wake da jan wake a bayan aji don mu yi musu barbara. Da yake wake yana barbarar kansa tun furen bai buɗe ba, kowace yamma muna tsaga tohon farin da matsefata mu cire sassan namiji, da asuba mu shafa masa ƙurar furen ja, mu ɗaura zare. Yawancin furannin sun zube. Kwanso goma sha ɗaya kawai suka kama.

Da muka ɓare su, ƙwayoyin duka farare ne tas, kamar uwarsu. Nan take na yanke hukuncin cewa aikin bai yi ba, na ce wa yara mun makara wajen cire sassan namijin, na juye ƙwayoyin cikin sauran waken da aka ba mai gadi, aka dafa da shinkafa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san amsar, na ma koyar da ita. Fatar ƙwaya daga jikin uwa take fitowa, saboda haka launinta na uwa ne. Gadon uba yana ɓoye a ɗan tsiron da ke ciki. Rawaya da koren da Mendel ya ƙirga a ƙwayoyin da ya yi gwaji da su a aikinsa na 1866, har ya samu kusan rawaya uku ga kowace koriya ɗaya, launin cikin ƙwaya ne, shi ya sa yake bayyana da wuri. Ni kuwa fata na duba.

Wata ɗaliba ce ta cece mu. Ta ɓoye ƙwaya bakwai a kwalin ashana, ta kawo mini bayan hutu cikin jin nauyi, ta ce, "Malam, ban iya zubarwa ba." Muka shuka su da rani muna ban ruwa da bokiti, biyar suka tsira, kuma duk ƙwayoyin da suka bayar masu launi ne, babu fara ko ɗaya.

Wanda zai gwada, kada ya zubar da ƙwayar barbara kafin ya shuka ta, kuma ya shirya wa shuka uku, domin rabuwar launin fata sai a ƙwayoyin da jikoki za su bayar. Namu suna cikin kwalba da toka saboda ƙwari, muna jiran ruwan Yuni.