Ciwon hanta nau'in E: yadda yake tsallakowa daga dabba zuwa mutum

In aka ce ciwon hanta a Bauchi, hankalin kowa kan na B yake tafiya, wanda ake ɗauka ta jini ko saduwa ko wajen haihuwa. Akwai wani da ba a cika zancensa ba, wato nau'in E, shi kuwa ta baki yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 20 ne ke kamuwa da shi duk shekara, kuma a 2015 ya kashe kimanin 44,000. A 2017 ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Jihar Borno, saboda haka ba baƙo ba ne a wajenmu.

Ƙwayar cutar dangi-dangi ce. Dangi na 1 da na 2 mutum kaɗai suke kamawa, ta ruwan da bayan gida ya gurɓata, kuma su ne suka fi yi mana ɓarna. Na 3 da na 4 suna zaune a jikin alade, na gida da na daji, da barewa da zomo. Dabbar ba ta nuna alamar ciwo, tana ci tana ƙiba, alhali ƙwayar na cikin hantarta tana fita a kashinta.

Wani zai ce tunda ba ya cin alade ya tsira. A'a. Kashin dabba ba ya tsayawa a garke. Da ruwan damina ya sauka sai ya kwashe shi zuwa rafi da kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi, da wannan ruwan kuma ake ban ruwan latas da kabeji a lambu, a yanka su ɗanye a zuba a kan shinkafa. Ga kuma raƙumi: a 2016 aka ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda aka yi wa dashen hanta, ya kamu da dangi na 7, kuma an san shi da yawan cin naman raƙumi da shan nononsa. A 2018 aka fara tabbatar da nau'in da ɓera ke ɗauke da shi a jikin mutum a Hong Kong. Mu da zazzaɓin Lassa ya riga ya koya mana tsoron ɓera, wannan ƙarin dalili ne na rufe hatsi da ragowar tuwo.

Wajen nama, hanta ce abin lura. Zafi yana kashe ƙwayar, amma sai ya ratsa har tsakiya: digiri 71 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 20. Matsalar gashi ita ce wuta mai ƙarfi tana ƙona bayan tsoka, cikin kuwa na nan jajur. A yanka hanta ƙanana, a tafasa ta kafin a soya ko a gasa, in an tsaga an ga jini-jini a mayar da ita wuta. Firiza ba ta kashe ƙwayar, shanya da gishiri ma ba abin dogaro ba ne. Wuƙar da ta yanka ɗanyen kayan ciki kada ta taɓa albasa da tumatirin da za a ci ɗanye sai an wanke ta da sabulu, haka ma katakon yanka. Nonon raƙumi a tafasa shi, ko da don magani aka sayo.

Mahauta da masu wankin hanji a kwata da masu kwashe taki su suka fi kowa kusa da ƙwayar. Su wanke hannu da sabulu da ruwa kafin su kai goro ko abinci baki, domin man tsaftace hannun da ake murzawa ba ya yi wa wannan ƙwayar tasiri sosai. Garke da masai su yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma su kasance ta gangare. Ruwan sha a bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya.

Alamu kan fito bayan mako 2 zuwa 10: zazzaɓi, kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, sannan idanu su yi ɗorawa, abin da muke kira shawara. Yawanci mutum kan warke cikin 'yan makonni. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mai juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, domin a ɓarkewar da ke zuwa ta ruwa mace ɗaya cikin huɗu ko biyar na iya rasa ranta. Ita ba a jira da ita, ba a ɗura mata jiƙo, ba a ba ta farasitamol, duk nauyi suke ƙara wa hanta. A kai ta asibiti a ranar, a faɗa wa likita ruwan da take sha da dabbobin da ke gidan, domin gwajin ciwon hanta na B da aka saba yi ba ya nuna na E.